KWALEJIN WHEATON: MAKARANTAR DA TA HAƊA ILMI DA BANGASKIYA

Karatu: Daniyel 1:1-21, Ayyukan Manzanni 7:20-22, Kolosiyawa 1:15-17 da 2:6-10.

A wannan wata darasinmu a kan wata makaranta ne da ke ƙasar Amurka, sunanta Kwalejin Wheaton. Wataƙila wani zai ce, ina ruwanmu da makarantar da ke bayan teku? Ga dalili. A zamanin kakanninmu ekklesiya ta kan tsaya ne a ajin yaƙi da jahilci, da firamare, da makarantar Littafi Mai Tsarki. Yanzu kuwa ekklesiyoyinmu sun kai ga kafa jami'o'i na kansu, iyaye kuma suna sayar da hatsi da dabbobi domin su sa 'ya'yansu a ciki. Ya kamata fa mu san abin da ke sa makaranta ta zama ta Kirista da gaske, da abin da kan raba ta da tushenta. Wheaton ta yi shekara fiye da 160 tana fama da wannan tambaya. Bari mu duba labarinta, mu ga abin da za mu ɗauka da abin da za mu yi hankali da shi.

INDA TA KE DA IRINTA

Garin Wheaton yana cikin jihar Ilinoi, wajen mil 25 yamma da babban birnin Shikago. (Akwai wata kwaleji mai irin wannan suna a jihar Masacuset, amma ba su da dangantaka da juna.) A Amurka idan an ce kwaleji, sau da yawa makaranta ce mai ba da digiri kamar jami'a, sai dai ƙarama ce. Ɗaliban Wheaton duka ba su cika 3,000 ba, yawancinsu kuwa masu neman digiri na fari ne, suna kwana a makaranta shekara huɗu.

Abu uku ne ke bayyana irinta. Na ɗaya, mai zaman kanta ce, watau ba ta gwamnati ba ce. Kwamitin amintattu ne ke riƙe da ita, kuɗinta kuma yana fitowa daga kuɗin makaranta da kyautar tsofaffin ɗalibai da sauran masu bi. Na biyu, ta Kirista ce, amma ba ta ɗarika guda ba ce. 'Yan Baptis da Anglikan da Presbiteriyan da sauran masu bin bishara duk suna zama aji ɗaya. Kirarinta shi ne, Domin Kristi da Mulkinsa. Na uku, tana ba da irin ilmin nan da mu ke so mu kira ilmi mai faɗi. Wannan na ukun shi ne baƙo a gare mu, saboda haka sai mu tsaya a kansa.

MENE NE ILMI MAI FAƊI?

Tun zamanin Helenawa da Romawa a kan raba koyo kashi biyu. Akwai wanda a kan ba bawa, watau sana'a guda wadda zai yi wa ubangidansa aiki da ita. Akwai kuma wanda a kan ba ɗa, mai 'yanci, wanda wata rana zai zauna a majalisa, ya saurari magana, ya auna ta, ya yanke shawara. Sunan da Turawa ke kiran wannan ilmi da shi ya fito daga kalmar Latin mai ma'anar 'yantacce. Daga baya makarantun ekklesiya a Turai suka tsara shi fanni bakwai. Uku na harshe ne: nahawu, da mantiƙi, da balaga. Huɗu na ƙidaya ne: lissafi, da awon fili da siffofi, da kiɗa, da ilmin taurari. Wanda ya san makarantun ilmi na zaure a ƙasar Hausa zai gane waɗansu daga cikin sunayen nan, gama malamai sun daɗe suna karantar da nahawu da balaga da mantiƙi da hisabi.

A yau fannonin sun ƙaru, amma manufar tana nan. A jami'o'in Nijeriya yaro ya kan zaɓi fanninsa tun yana cika takardar jarrabawar shiga, yawancin karatunsa kuma a wannan fanni zai ƙare. A Wheaton ɗalibi yana da damar ya ɗanɗana fannoni da dama kafin ya tsai da babban fanninsa. Mai son aikin likita tilas ya karanta tarihi da adabi da falsafa. Mai son waƙa da kiɗa tilas ya shiga ajin kimiyya. Kowa kuma sai ya koyi wani harshe banda Turanci, ya yi darasin Tsohon Alkawari da na Sabon Alkawari da na koyarwar Kirista. A shekara ta 2016 suka sake tsara waɗannan darussa na kowa da kowa, suka ba tsarin suna mai nuna cewa Kristi ne cibiya.

Masu wannan ra'ayi suna cewa sana'a takan sake, amma mutumin da ya iya karatu da lura, ya iya rubutu a fili, ya kuma iya rarrabe hujja da ruɗi, zai yi amfani duk inda aka kai shi. Masu suka kuwa suna cewa shekara huɗu da kuɗi mai yawa sun yi tsada ga wanda ke bukatar abin hannu da wuri. Dukansu biyu suna da abin dubawa.

YADDA AKA KAFA TA

A shekara ta 1853 waɗansu 'yan Metodis na reshen Wesliyan suka buɗe ƙaramar makaranta a wurin. Su mutane ne da suka rabu da uwar ɗarikarsu domin ta ƙi tsayawa sosai a kan cewa bautar da mutum zunubi ne. Ba a daɗe ba bashi ya kama makarantar. Sai aka kira wani fasto mai suna Jonathan Blanchard ya zo ya riƙe ta, ya kuwa kama aiki a 1860. Wani mai gari, Warren Wheaton, ya ba da fili, aka sa wa kwalejin sunansa.

An haifi Blanchard a 1811. Tun yana saurayi ya ke yawo gari gari yana wa'azi a kan mugunta cinikin bayi, har a kan jefe shi. A 1845 ya yi muhawara ta kwana huɗu a birnin Sinsinati da wani fasto wanda ke cewa Littafi Mai Tsarki bai haramta riƙon bayi ba. Da ya zo Wheaton, ya bar ƙofa a buɗe ga mata da maza, baƙar fata da farar fata, a lokacin da makarantu kaɗan ne ke yin haka. Wani tsohon ɗalibi ya shaida a rubuce cewa a kan ɓoye bayin da suka gudo daga kudu a makarantar, kafin su wuce zuwa Kanada. Yaƙin basasa na Amurka ya tashi a 1861, aka gama shi a 1865, aka kuma soke bauta. A 1866 Edward Sellers, baƙar fata, ya gama karatunsa a Wheaton, yana cikin na fari a jihar duka. Daga baya ya zama fasto.

Mu lura da wannan: mutanen da suka kafa makarantar ba su ga wani rabuwa tsakanin wa'azin ceto da yaƙi da zalunci ba. A wurinsu Mulkin da ke cikin kirarin makarantar ya shafi kasuwa da kotu da gona.

Blanchard ya yi shugabanci har 1882, ɗansa Charles ya gaje shi, ya riƙe har mutuwarsa a 1925. Uba da ɗa ke nan suka yi shekara 65 a kan kujera. Babban ginin dutse mai hasumiya da ke tsakiyar makarantar yana ɗauke da sunansu. Akwai al'ada cewa saurayi da budurwa da suka yi alkawarin aure su kan hau hasumiyar su kaɗa ƙararrawa domin kowa ya ji. Shugaba na takwas, Philip Ryken, ya kama aiki a 2010.

KO YA DACE MAI BI YA NEMI ILMIN DUNIYA?

Wannan gardama tsohuwa ce, manyan masu yin ta biyu kuwa 'yan Afirka ne. Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 200, ya ga cewa falsafar Helenawa ita ce uwar karkatacciyar koyarwa, ekklesiya kuma ba ta da abin nema a wurinta. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya ba da wata amsa. Ya tuna yadda Isra'ilawa suka fita Masar da zinariya da azurfar Masarawa. Ya ce haka mai bi zai ɗauki kowace gaskiya da ya samu a hannun al'ummai, ya bar gumakansu, ya yi wa Allah hidima da ita.

Karatunmu na yau yana taimakonmu. An kai Daniyel da abokansa uku Babila, aka sa su makarantar fada shekara uku, suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa. Ba su ƙi karatun ba. Abin da suka ƙi shi ne abincin sarki, domin kada su ƙazantu. A ƙarshe Allah ne ya ba su fahimi, suka fi dukan masanan ƙasar. Istifanas ya gaya mana an koya wa Musa dukan hikimar Masarawa kafin Allah ya aike shi wurin Fir'auna. Bulus kuma da ya tsaya a gaban masanan Atina, ya kawo maganar mawaƙansu domin ya kai su ga bishara. Amma Bulus ɗin nan shi ne ya gargaɗi Kolosiyawa kada wani ya kama su ganima ta wurin ilmin yaudara, ya kuma gaya wa Korintiyawa cewa sani ya kan kumbura mutum, ƙauna ce ke ginawa.

To, ina mafita? Tana cikin sura ta fari ta Kolosiyawa, inda aka koya mana cewa ta wurin Kristi aka halicci kome, a cikinsa kuma kome ke riƙe. Idan haka ne, mai binciken ƙwayar cuta da mai ƙidayar taurari aikin hannun Ubangijinmu su ke dubawa, ko sun sani ko ba su sani ba. Wani malamin falsafa, Arthur Holmes, wanda ya koyar a Wheaton fiye da shekara 40, ya rubuta ƙaramin littafi a 1975 a kan abin da kwalejin Kirista ta ke. Koyarwarsa ita ce, gaskiya duk inda aka same ta mallakar Allah ce. Ya ce bai isa a buɗe aji da addu'a sa'an nan a koyar da darasi kamar babu Allah ba. Bai kuma isa a gina katanga a tsare yara daga tambayoyi masu wuya ba. Aikin malami shi ne ya nuna wa ɗalibi yadda bangaskiya ke haskaka fanninsa, da yadda fannin ke sa shi ya ƙara fahimtar abin da ya gaskata.

ZAMAN YAU DA KULLUM

Sau uku a mako ɗaliban digiri na fari su kan taru domin sujada, zuwa kuwa tilas ne. Mai neman shiga sai ya ba da shaidar bangaskiyarsa. Tun shekarun 1920 makarantar ke da rubutacciyar shaidar bangaskiya, wadda amintattu da malamai su kan sake amincewa da ita kowace shekara. A ciki akwai Allah ɗaya cikin Uku, da ikon Littafi Mai Tsarki, da mutuwar Kristi domin masu zunubi, da tashinsa cikin jiki, da komowarsa.

Akwai kuma alkawarin zaman tare. A dā an hana giya, da taba, da caca da karta, da rawa, da zuwa silima, da shiga ƙungiyoyin asiri. Da tafiya ta yi tafiya aka sassauta waɗansu. A 2003 aka sake rubuta alkawarin, aka yarda da rawa mai kamun kai, amma giya da taba suna nan a hane ga ɗaliban digiri na fari a lokacin karatu. Waɗansu tsofaffin ɗalibai sun yi gunaguni, suna ganin an fara zamewa. Shugabanni kuwa suka ce suna so su rarrabe abin da Littafi ya hana a fili da abin da al'adar wani zamani ta hana. Mu ma mun san irin wannan gardama a kan ganga da ɗaurin kallabi.

Banda azuzuwa, kwalejin tana da makarantar kiɗa, da sansani a kurmin jihar Wiskonsin inda a kan horar da shugabannin matasa, da tashar kimiyya a duwatsun Dakota ta Kudu. Tun 1976 akwai wani shiri da ke aika ɗalibai su yi wata shida a ƙasashen Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu, su zauna a gidajen mutane, su yi aiki ƙarƙashin 'yan ƙasa a asibiti ko gona ko ƙungiyar taimako. Akwai kuma ɗakin ajiya na takardun C. S. Lewis da waɗansu marubuta Kirista shida na Birtaniya, wanda aka fara tarawa a 1965.

Sau da dama an ga falkaswa a wurin. A watan Fabrairu 1950, ana cikin taron mako na musamman, sai ɗalibai suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya suna furta zunubansu, suna neman gafarar juna da ta malamansu. Taron bai watse ba sai bayan kusan sa'a 40. An sake ganin irin wannan a 1995. Shugaban da ke kan kujera a 1950, V. Raymond Edman, ya taɓa yin aikin mishan a Ekwado. A 1967 yana tsaye yana yi wa ɗalibai magana a kan shiga gaban Sarki, sai ya faɗi a kan bagadi, ya cika.

'YA'YAN DA TA HAIFA

Da 'ya'ya a kan san itace. Wanda duniya ta fi sani shi ne Billy Graham, wanda ya gama a 1943. Abin lura, ba tauhidi ya karanta a can ba, ilmin al'adun kabilun duniya ya karanta. A nan ya sadu da Ruth Bell, 'yar wani likitan mishan a ƙasar Sin, suka yi aure a shekarar da suka gama. A farkon 1960 ya zo Nijeriya, ya yi wa'azi a manyan garuruwa, har da Kaduna da Jos. Ya rasu a 2018.

Jim Elliot da Ed McCully sun gama a 1949, Nate Saint matuƙin jirgin sama shi ma ya ɗan yi karatu a wurin. Su uku tare da abokansu biyu suka tafi kai bishara ga kabilar Waorani a kurmin Ekwado. Ran 8 ga Janairu 1956 aka kashe su duka biyar da māsu a bakin kogi. A 1958 matar Jim, Elisabeth, wadda ita ma ta karanta Helenanci a Wheaton, ta ɗauki ƙaramar 'yarta, tare da Rachel 'yar'uwar Nate, suka shiga suka zauna a cikin mutanen da suka yi kisan. Daga baya waɗansu daga cikin masu kisan suka ba da gaskiya. Ilmin harshe da ta koya a aji shi ne ya taimake ta wajen rubuta harshen da ba a taɓa rubutawa ba.

Amma yawancin waɗanda suka fita ba fastoci ba ne, ba kuma 'yan mishan ba. Likitoci ne, da malaman makaranta, da lauyoyi, da 'yan kasuwa, da iyayen gida. Wannan ma yana cikin manufar, gama ekklesiya tana bukatar dattawa da masu ajiyar kuɗi da malaman makarantar Lahadi masu sani da tsoron Allah.

INDA TA YI TUNTUƁE

Ba za mu yi wa masu karatu adalci ba idan muka nuna gefe ɗaya kaɗai. A 2023 makarantar ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta sa ya binciki tarihinta game da launin fata. Rahoton ya nuna cewa bayan zamanin Blanchard na fari himmar ta yi sanyi, har a shekarun 1930 shugaba na uku, J. Oliver Buswell, ya hana a karɓi ɗalibai baƙar fata. Shi kuwa mutum ne da aka sani da tsayawa a kan sahihiyar koyarwa. Amintattu suka nemi gafara a fili, suka cire sunansa daga ɗakin karatu. Ashe makaranta tana iya riƙe shaidar bangaskiyarta harafi da harafi, ta kuwa saki abin da aka kafa ta dominsa. Abin yabo shi ne ita da kanta ta tono laifin, ba ta jira wani ya tona mata ba.

Na biyu shi ne tsada. A shekarar karatu ta 2023 kuɗin koyarwa kaɗai ya haura dala 40,000, banda abinci da wurin kwana. Gaskiya ne ana rage wa ɗalibai da yawa ta wurin tallafi, duk da haka waɗansu su kan fita da bashi a wuya. Wanda ke da bashi kuwa da wuya ya amsa kira zuwa ƙauye inda albashi ba shi da yawa. Ƙananan kwalejojin Kirista da dama a Amurka sun rufe a 'yan shekarun nan saboda ƙarancin ɗalibai da kuɗi.

Na uku shi ne haɗarin da ya cinye waɗanda suka riga ta. An kafa Harvard a 1636, Yale a 1701, Princeton a 1746, dukansu da nufin tanadar wa ekklesiya masu hidima masu ilmi. A yau manyan jami'o'i ne na duniya, amma ba mai kiransu makarantun bishara. Wani masanin tarihi, George Marsden, ya bi sawun wannan al'amari cikin littafin da ya fitar a 1994. Ya nuna cewa ba maƙiya ne suka ƙwace su da rana tsaka ba. Sau da yawa shugabannin da suka sassauta masu zuwa sujada ne, masu kyakkyawar niyya. A kan fara ɗaukar malami domin sunansa ba tare da an tambayi bangaskiyarsa ba. A mai da sujada ta zama ganin dama. A sake kalmomin manufar makaranta, a cire sunan Kristi a sa kyawawan ɗabi'u, domin kada mai ba da kuɗi ya ji nauyi. Kowane taki ƙarami ne, amma bayan tsara biyu sai a tarar an yi nisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Domin wannan ne Wheaton ta ke riƙe da ka'idar ɗaukar malamai da ƙarfi, ko da ya ke hakan ya sha jawo mata suka, daga masu cewa ta cika tsanani da masu cewa ta yi sako-sako.

ABIN DA ZA MU KOYA

A 1999 gwamnatin Nijeriya ta ba jami'o'i masu zaman kansu na fari izini. A 2005 ECWA ta sami izinin kafa Jami'ar Bingham a Karu, aka sa mata sunan Rowland Bingham, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka Ikko a 1893 da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan. Asibitin Jankwano na Jos ya zama asibitin koyarwarta. A 2021 kuma aka ba da izinin Jami'ar Karl Kumm ta COCIN a Vom. Waɗannan makarantu jarirai ne idan aka gwada su da Wheaton, icce kuwa tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Dattawanmu ba su manta da yadda gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970 ba. Amma labarin Harvard ya nuna mana makaranta tana iya fita hannun ekklesiya ba tare da kowa ya ƙwace ta ba.

Ba mu ce a kwaikwayi Wheaton a kome ba, gama ƙasarmu dabam, dokokin jami'o'inmu dabam, aljihunmu kuma dabam. Sai dai ga abu huɗu.

Na fari, malami shi ne makaranta. Kyakkyawan gini da babbar majami'a ba za su maye gurbin malamin lissafi mai tsoron Allah wanda ya san lissafi sosai ba. Idan muna son irinsu nan da shekara 20, yau ne za mu fara tallafa wa samarinmu da 'yan matanmu masu kai su yi zurfi cikin karatu, mu daina ganin mai digiri na uku a kimiyya kamar wanda ya bar aikin Ubangiji.

Na biyu, kada mu ji tsoron tambayar yaro. Yaron da aka tsawata masa a gida da makarantar Lahadi duk lokacin da ya yi tambaya mai wuya, zai kai ta wurin wanda zai amsa masa, amsar kuwa ba lalle ta zama mai kyau ba. Gwamma ya yi ta a gaban malami mai bi.

Na uku, mu tuna da matalauta. Gwauruwar da ta kawo mudun dawa ran baikon gina jami'a tana da hakki ta tambaya ko jikanta zai iya shiga. Kowace gunduma tana iya kafa asusun tallafi, ko da ɗalibi ɗaya ne za ta iya ɗauka a shekara.

Na huɗu, mu sa ido a kan ƙofa. Wheaton ta buɗe ta ga baƙar fata a zamanin bauta, ta kuma rufe ta bayan shekara 70 ba tare da ta sake harafi ɗaya na koyarwarta ba. A wurinmu gwajin ba launin fata ba ne, kabila ce da ɗarika da sanayya. Idan ɗaukar ɗalibi ko malami ya koma ga wane ne ɗan garinmu, mun bi sawun Buswell ke nan.

Yawancin 'ya'yanmu kuwa jami'o'in gwamnati za su shiga, kamar yadda Daniyel ya yi karatu a Babila. Abin da ya tsare shi ya samo shi ne tun daga gida, kafin a kai shi bauta, ya kuma sami abokai uku masu zuciya ɗaya da shi. Wannan aikin iyaye ne da ekklesiyar gida, ba ya kuma bukatar dala ko ɗaya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me Daniyel ya karɓa a makarantar Babila, me kuma ya ƙi? Yaya ɗalibi zai san inda zai ja layi a yau?
2. Tsakanin Tartuliyan da Agustin, ra'ayin wa ya fi yawa a ekklesiyarku? Wace gaskiya ce ke wurin kowannensu?
3. Karanta Markus 12:28-31. Ta wace hanya mutum zai ƙaunaci Allah da hankalinsa?
4. Waɗanne dokoki ne a cikinmu su ke daga Littafi, waɗanne ne kuma na al'ada?
5. Ɗalibai nawa ne daga ekklesiyarku ke manyan makarantu yanzu? Wa ke rubuta musu ko ya ziyarce su?

ABIN ADDU'A

Mu roƙi Ubangiji domin shugabanni da malaman jami'o'in ekklesiya, ya ba su hikima da aminci wajen kuɗi da ɗaukar ma'aikata. Mu yi addu'a domin 'ya'yanmu da ke karatu nesa da gida, a ambaci sunayensu ɗaya ɗaya, Allah ya haɗa su da abokan kirki. Mu kuma tuna da iyayen da ke neman kuɗin makaranta na wannan zango.